An Garƙame Ilimin da Muka Biya da Guminmu

Jama'ar Briqueterie ta Yawunde, ana yi mana fashi da rana tsaka. Babu bindiga, babu adda. Da takarda ake yin sa, da sa hannu, da hatimi. Abin da ake kwashewa ilimi ne. Ilimin da aka nemo da kuɗin harajinmu, aka tatso daga jinin 'ya'yanmu da ruwan rijiyoyinmu. Ana loda shi a kai ƙetare, a garƙame da kwaɗo, sannan a ce mana sai mun biya za mu leƙa.

Ya zama wajibi a faɗi wannan magana a fili. Ya zama wajibi a faɗe ta da Hausa, a ƙofar masallaci da shagon tela da teburin mai tsire, domin an daɗe ana tattauna ta cikin Faransanci da Turanci kamar ba ta shafe mu ba.

Ta shafe mu. Mu ne masu biya.

Duk wanda ya sayi katin waya ko buhun siminti a garin nan ya biya harajin TVA, kashi 19.25 cikin 100. Hajiya mai atamfa tana biya. Tela yana biya a kan zare da allura da keken ɗinki. Mahauci yana biya, ɗan acaba yana biya, mai tireda a Mokolo yana biya har da kuɗin wuri. Babu wanda ya tsira.

Daga wannan kuɗi ake biyan malaman jami'o'in gwamnati guda 11, tun daga Ngoa-Ekellé da Soa har Ngaundere da Garwa da Marwa. Daga shi ake riƙe IRAD a Nkolbisson, inda ake binciken iri da ƙasa da dabbobi. Daga shi ake riƙe IMPM mai binciken cututtuka da itatuwan magani. Akwai ma'aikata guda sukutum ta binciken kimiyya. Tun 2009 gwamnati take ba malaman jami'a wani alawus na musamman da sunan inganta bincike.

Za a ce ai yawancin kuɗin bincike daga waje yake zuwa, daga Faransa da Amurka da Ingila. Haka ne, kaso mai yawa daga can yake. To amma albashin malamin wa ya biya? Asibitin da aka ɗebi jinin na wane ne? Yaron da aka tsira wa allura ɗan wane ne?

Ga yadda abin yake tafiya, kowa ya saurara da kyau.

Malami ya shafe shekara biyu ko uku yana bincike. Ya rubuta abin da ya gano. Ba zai samu ƙarin girma a wurin aiki ba sai ya buga a mujallar masana, kuma mujallun da ake ganin girmansu suna Amsterdam da Landan da Amurka. Ya aika. Kamfanin mujallar ba ya ba shi ko kwabo. Kamfanin ya tura wa wasu malamai biyu ko uku su tace aikin, su ma a kyauta suke yi, cikin lokacin da gwamnatocinsu ke biya. In an karɓa, sai a turo masa takarda ya sa hannu cewa ya miƙa haƙƙin mallaka. Ya sa. Daga wannan rana aikin ya fita daga hannunsa. Ya fita daga hannun jami'arsa. Ya fita daga hannun ƙasar da ta ɗauki nauyinsa. In ɗakin karatun jami'ar yana son ɗalibai su karanta abin da malaminsu ya rubuta, sai ya sake biya.

Unguwarmu unguwar teloli ce, kowa zai gane wannan. Ka sayi shaddarka. Ka sayi zare. Ka yanka, ka ɗinka, ka yi aikin wuya da hannunka. Ka kai wa mai guga ya goge ya ninke. Ka dawo karɓa, ya ce riga ta zama tasa, in kana son sawa ranar Idi sai ka biya haya. A Briqueterie da wani ya yi haka, kafin azahar magana ta kai gaban mai unguwa. A duniyar ilimi kuwa an yi shekaru ana yin haka, ana kiransa tsari.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma kuɗin ba na wasa ba ne. Wani bincike da Vincent Larivière da abokan aikinsa na Jami'ar Montréal suka fitar a 2015 ya nuna cewa a shekarar 2013 kamfanoni biyar kacal ne suka buga fiye da rabin maƙalolin bincike da aka lissafa a duniya. Cikinsu akwai Elsevier da Springer da Wiley da Taylor & Francis. Sashen da Elsevier yake ciki a kamfanin RELX ya samu fiye da fam biliyan 3 a 2023, ribarsa ta kusa kashi 40 cikin 100. Ku tambayi duk Alhajin da ke kawo kaya daga Dubai ko Kano, wace sana'a ce ke ba da irin wannan riba? Sai sana'ar da ake ba ka haja kyauta.

Ku zo mu tsaya a bayan yarinyarmu mai karatun jinya, da dare, tana riƙe da waya. Ta sayi data ta sefa 500. Tana neman abin da aka gano a kan sauron Yawunde da ya daina jin maganin feshi, ko a kan taifot da ke bijire wa ƙwayoyi. Ta rubuta, ta samu. Ga sunan maƙala. Ga sunayen malamai, wasunsu ma ta san fuskarsu, sun koyar da ita. Ga taƙaitawa ta layi goma. Ta danna don ta ga sauran, sai wani akwati ya fito: dalar Amurka 35 ko 40, a biya da katin banki. Wajen sefa 20,000 ke nan, don shafi goma. Kuɗin rajistar jami'a na shekara guda sefa 50,000 ne. Ba ta da katin, ba ta da kuɗin. Ta kwafi layi goman nan cikin littafinta, ta gina iliminta a kansu. Gobe ita ce za ta tsaya a kan gadon mahaifiyarka.

Wannan abu yana kisa. Ba ƙari nake yi ba.

A watan Afrilu na 2015, lokacin da Ebola ta gama ɗaiɗaita Afirka ta Yamma, babbar jami'ar lafiya ta Laberiya, Dakta Bernice Dahn, da abokan aikinta biyu suka yi rubutu a jaridar New York Times. Sun bayyana cewa sun tarar da wata maƙala ta 1982. Masana daga Jamus sun gwada jinin 'yan Laberiya, sun ga alamar ƙwayar Ebola, sun rubuta cewa a lissafa Laberiya cikin ƙasashen da cutar ke iya ɓulla. An buga a wata mujallar Turai. Babu ɗan Laberiya ko ɗaya cikin marubutan. Likitan Laberiya da ke son karantawa sai ya biya dalar Amurka 45, kusan albashinsa na rabin mako. Shekara 32 gargaɗin yana kwance. Da cutar ta zo a 2014, ma'aikatan lafiya da yawa ba su yi tsammaninta ba. Mutum fiye da 11,000 suka rasu a Gini da Saliyo da Laberiya. Talauci da ƙarancin asibiti suna da nasu kason, babu shakka. Amma jinin na 'yan ƙasa ne, kuma labarin jininsu bai dawo musu ba.

Kada wani ya ce wannan can ne. A ƙasar nan mun ɗanɗana.

A watan Agusta na 1984 tafkin Monoun, kusa da Foumbot, ya fitar da muguwar iska ta kashe mutum 37. Masana suka zo daga waje, suka auna ruwan, suka gane cewa iska ce ke taruwa a ƙarƙashin tafki har ta ɓalle. Cikakken rahotonsu bai fito a mujalla ba sai 1987. Kafin nan, daren 21 ga Agusta na 1986, tafkin Nyos ya ɓalle. Mutum fiye da 1,700 suka kwanta ba su tashi ba. Dabbobi wajen 3,500 suka zube. Cikin mamatan akwai 'yan'uwanmu Fulani makiyaya masu yawa. Abin da aka gano a Monoun yana hannun 'yan tsirarun masana, bai isa rugar da ke gefen Nyos ba. Allah Ya jiƙansu.

Ilimin da ya makara a hanya, ko ya tsaya a bayan kwaɗo, ga wanda ke bakin tafki duk ɗaya ne.

Su kansu kamfanonin mujallu sun sani. A farkon 2020, da korona ta afka wa Turai da Amurka, nan take suka buɗe maƙalolin da suka shafi cutar kyauta ga kowa. Me ya sa? Domin sun san kwaɗo yana jinkirta magani. To zazzaɓin cizon sauro fa, da yake kwashe mana yara kowace damina? Kwalarar da ta ɓarke a ƙasar nan tun Oktoba na 2021 har ta shigo Yawunde fa? Sikila fa? Ran ɗan Briqueterie bai kai a buɗe masa ƙofa ba?

Ga kuma wata masifar da ke biye da wannan. Inda gaskiya ba ta isa ba, jita-jita ke kwana.

Mu Hausawa ba sai an ba mu labari ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara wajen 200, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Zukata suka cika da zargi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20, har da Kamaru. Yaran da suka shanye a lokacin yau magidanta ne, suna jan ƙafa.

Ranar 22 ga Janairu na 2024, a Soa, Kamaru ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum. Kowa a unguwar nan ya san irin saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp duk lokacin da aka ambaci allura. Saƙon ƙarya yana zuwa kyauta, da Hausa, cikin minti biyu, da muryar da ta yi kama da ta maƙwabcinka. Sakamakon bincike kuwa ko yana bayan kwaɗo, ko in an buɗe yana cikin Turancin likitoci. Uwa tana tsaye da jariri a baya. Wanne zai riga isa kunnenta?

Ya zama wajibi mu gane cewa duk ranar da aka kulle gaskiya, an buɗe wa maƙaryaci kasuwa.

Abin da ke tafe ya fi wannan muni.

Da duniya ta matsa wa kamfanonin lamba su buɗe, sai suka juya tarkon. Suka ce to, mai karatu ya karanta kyauta, amma marubuci ya biya. Mujallu da yawa suna neman dalar Amurka 2,000 zuwa 3,000 a kan maƙala ɗaya. Mujallar Nature ta yanka Yuro 9,500 a Janairu na 2021. Ku lissafa da kanku, Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Ya haura sefa miliyan 6. Ma'aikacin da ke karɓar sefa 60,000 a wata sai ya yi fiye da shekara takwas bai ci bai sha ba kafin ya tara. Jiya an hana malaminmu karatu. Yau ana hana shi magana. Wanda ke da gwamnati mai kuɗi a bayansa shi duniya za ta ji. Namu ko dai ya yi shiru, ko ya rakuɓe a bayan wani Bature ya zama suna na huɗu a kan aikin da shi ya sha ranarsa.

A wannan rami ne 'yan damfara suka samu wurin zama. Mujallun bogi sun cika intanet. Ka aika yau, a karɓa jibi, babu mai tacewa, ka biya kawai. Matashin malami da ke neman ƙarin girma ya faɗa. Ɗalibi ya zo ya karanta shirme ya ɗauka ilimi ne. Mai sayar da maganin ƙarya ya ɗaga takardar ya ce ai masana sun tabbatar.

Za a ce mana ai akwai rangwame. Akwai. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI, inda cibiyoyin ƙasashe matalauta ke samun mujallun lafiya kyauta ko da araha, daga baya aka ƙara na noma da na muhalli ƙarƙashin Research4Life. A 2023 masu Nature suka ce sun yafe kuɗin bugawa ga marubuta daga ƙasashe fiye da 70. Mun ji, kuma duk wanda ya amfana ya gode. Amma lambar sirrin shiga tana hannun cibiya. Ma'aikacin jinya a ƙaramin asibitin unguwa ba ya da ita. Ɗan jarida ba ya da ita. Wanda ya gama jami'a bara ya rasa ta. Kuma abin da aka ba ka don tausayi ana iya karɓewa ba tare da shawararka ba. A Janairu na 2011 masanan Bangladesh suka wayi gari an janye musu mujallu wajen 2,500 daga HINARI, sai da aka yi ta kururuwa. Zanen aro ba ya rufe katara. Kuma tun farko, ta yaya mutum zai karɓi sadaka daga cikin kayansa?

Yanzu maganar haƙƙin masu ɗab'i. Ba za mu kauce mata ba, domin mu ba mutanen cin haƙƙi ba ne.

Mai buga littafi yana da haƙƙi. Yana biyan mai gyara, yana biyan mai tsarawa, yana riƙe na'urorin da ke ajiye rubutu shekara da shekaru. A garin nan hedikwatar OAPI take, hukumar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashe 17 da aka kafa da yarjejeniyar Bangi ta 1977, har da Nijar da Cadi a ciki. Ƙasar nan tana da dokar haƙƙin marubuta ta 19 ga Disamba na 2000. Muna da gidajen ɗab'i irin Éditions CLE, da ke aiki a Yawunde tun 1963. Wanda ya bi ta Bonamoussadi ya ga injinan fotokofi suna haɗiye littafi sukutum daga bango zuwa bango, ya san masu ɗab'inmu na gida suna kuka, kuma kukansu gaskiya ne. Marubucin da ya zauna ya rubuta labari ko littafin makaranta da guminsa, a biya shi. Wanda ya sace masa ya ci haram.

Amma maƙalar bincike ba haka take ba. Marubucinta ba ya cin ko sisi daga sayar da ita. An riga an biya shi daga baitulmali. Abin da yake so shi ne a karanta. Saboda haka in kamfani ya ce yana kare haƙƙin marubuci, a tambaye shi: wane marubuci, kuma nawa ya ba shi? Kamfani ya karɓi ladan aikinsa daidai wahalarsa. Mallakar ilimin kuwa, da ikon hana masu shi gani, wannan ba haƙƙinsa ba ne, ko da takarda ta ce haka.

Kakanninmu sun raba wannan gardama tun da daɗewa. A Kano da Sakkwato da Yola da Ngaundere akwai masu kwafe littattafai da hannu. Ana biyansu ladan tawada da takarda da zaman da suka yi. Ba a taɓa jin wanda ya kwafi littafin fiƙihu ya ce daga yau shi ke da shi, kada wani malami ya karantar sai da izininsa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta tura jajis, wato mata masu koyarwa, ƙauye-ƙauye su kai wa mata, domin ta san ilimin da bai isa ɗakin mace ba bai gama aikinsa ba. Kuma duk wanda ya zauna a zauren malami ya ji irin azabar da aka tanadar wa mai ɓoye ilimi.

Ɗalibanmu da yawa sun koma Sci-Hub, shafin da Alexandra Elbakyan ta Kazakistan ta buɗe a 2011, wanda ke fitar da maƙaloli ba da izini ba. Kowa ya sani, har malamai. Wata kotu a Amurka ta yanke hukuncin a biya Elsevier diyyar dala miliyan 15 a kansa a 2017, ana ta toshe shi a ƙasashe. Wannan ba mafita ba ce. Abin kunya ne a ce ƙasa ta bar 'ya'yanta suna haura katanga da dare don su karanta abin da iyayensu suka biya.

Wasu ƙasashen sun farka. A 2008 Amurka ta wajabta cewa duk binciken da hukumar lafiyarta ta NIH ta ba kuɗi a sa shi a fili cikin wata 12. Kamfanoni ba su kwanta ba. A Disamba na 2011 aka shigar da wani ƙuduri majalisar Amurka don a rusa wannan tsari. Dubban masana suka sa hannu cewa sun ƙaurace wa Elsevier, a Fabrairu na 2012 kamfanin ya janye goyon bayansa, ƙudurin ya mutu. A Agusta na 2022 fadar shugaban Amurka ta ce a cire ma jiran wata 12 ɗin. Faransa, wadda muke kwaikwayon dokokinta a kusan komai, ta kafa doka ranar 7 ga Oktoba na 2016: in kuɗin jama'a ya ɗauki aƙalla rabin nauyin bincike, marubuci yana da ikon sa rubutunsa a fili bayan wata 6 a fannin kimiyya da likitanci, wata 12 a fannin zamantakewa, ko me yarjejeniyarsa da kamfani ta ce. Habasha, 'yar'uwarmu a nahiyar nan, ta wajabta wa jami'o'in gwamnatinta buɗe bincikensu a 2019. A Nuwamba na 2021 ƙasashen UNESCO 193, har da tamu, suka amince da shawarar buɗe kimiyya ga kowa.

Ƙasashen nan ba su ruguje ba. Kamfanonin ma ba su talauce ba.

Sakamakon haka yau ga halin da muke ciki: binciken da Amurka ta ba kuɗi aka yi a asibitin Yawunde, kana iya karanta shi kyauta, domin dokar Amurka ta tilasta. Wanda aka yi da kuɗinmu zalla shi ne ke ɓacewa.

A nan laifi ya dawo gida, kuma ya zama wajibi mu kalle shi ido da ido. Ba kamfanin Amsterdam ne ya jibge kundayen digiri a kabad ba. Kowace shekara ɗalibai suna kare kundi a kan ruwan sha, a kan tsaftar nama, a kan haihuwa a gida, a kan tarihin zaman Hausawa a kudancin Kamaru. A yi walima, a ɗauki hoto da riga da hula, a ɗaure kundi da baƙin bango. Daga nan sai ƙura da gara.

Mu kuma mun sha ganinsu a lungunanmu. Saurayi da budurwa da takardar izini, da 'yar jakar ƙanƙara. Su yi sallama, a shimfiɗa musu tabarma. Su zura guga a rijiya su cika kwalba, su manna mata lamba. Su sayi tsire su naɗe a leda ba don ci ba. Su zauna da matanmu suna tambaya: haihuwa nawa, ɓari nawa, ina kuke zuwa awo? Tsohuwa ta faɗa musu abin da ba ta taɓa faɗa wa surukarta ba. Su yi godiya su tafi. Shi ke nan. Rijiyar nan da aka ɗebi ruwanta, in an samu cuta a ciki, yaran gidan suna nan suna sha har yau.

Shirunmu ne ya ba da wannan dama. Wanda ya ga haka ya kawar da kai, da shi ake yi.

Ya zama wajibi Majalisar Dokoki da ke Ngoa-Ekellé ta kafa doka: duk binciken da kuɗin jama'a ya shiga, a ajiye kwafinsa inda kowane ɗan ƙasa zai karanta kyauta, kuma babu yarjejeniyar kamfani da za ta fi wannan doka ƙarfi. 'Yan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'armu su ji wannan daga bakinmu kafin su ji komai.

Ya zama wajibi ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta bincike su ɗaura alawus da ƙarin girma a kan wannan sharaɗi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rumbun ma ba sai an fara daga tushe ba, hukumar ilimi mai zurfi ta CAMES tana da nata mai suna DICAMES. A ɗauki kundayen da ke kabad a sa su a na'ura tun gara ba ta gama da su ba.

Ya zama wajibi kwamitocin da ke auna malamai su daina raina mujallun gida. Likitoci 'yan Kamaru ne suka kafa Pan African Medical Journal a 2008, kowa yana karanta ta kyauta. Dandalin AJOL yana tattara mujallun Afirka tun 1998. Kuɗin da ake turawa ƙetare don maƙala ɗaya zai riƙe mujallar tsangaya guda na tsawon lokaci. Muddin ana ce wa matashi sai ya buga a waje zai zama mutum, da hannunmu muke kai wa gardi kurar.

Ya zama wajibi malamanmu na jami'a, musamman 'ya'yan unguwar nan da Allah Ya ɗaukaka, su karanta takarda kafin su sa hannu. Malam, mujallu da yawa sun yarda ka ajiye kwafinka na ƙarshe a rumbun jami'a. Ka ajiye. Sannan ka zo gida ka yi mana bayani da harshen da mahaifiyarka ke ji. Kada ka jira a gayyace ka.

Ya zama wajibi limamanmu su ɗauki wannan magana su hau mumbari da ita, a babban masallacin unguwa da na Tsinga da sauran masallatai. Alhazanmu masu neman sadaka mai gudana, ga ƙofa: ɗaki ɗaya, kwamfuta biyar, intanet, da matasa biyu da za a biya su riƙa mayar da sakamakon bincike Hausa da Fulatanci, a karanta a rediyo, a tura a waya ta hanyar da ƙarya ke bi.

Ya zama wajibi sarakunanmu da masu unguwanni, Allah Ya ja zamaninku, ku canza yadda kuke karɓar baƙin bincike. Daga yau duk wanda ya zo da takarda yana neman izinin shiga gidajenmu, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, sannan a tambaye shi: wa ya ba da kuɗin aikin nan, ina za a buga shi, za mu iya karantawa ba tare da biya ba, kuma wace rana za ka dawo ka faɗa mana abin da ka gano? Ya rubuta amsa, ya sa hannu, ya bar lambar shugaban sashensa. Mai unguwa ya ajiye takardar. In ranar ta wuce bai dawo ba, a rubuta wa jami'arsa, a kuma sanar da sauran unguwanni. In ya ƙi rubutawa tun farko, kada a nuna masa rijiya ko ɗaya.